Yadda ake zuwa dutsen Chambers Pillar a hamadar Ostiraliya

Dutsen yana kudu da garin Alice Springs, tafiyar kilomita 160. Wannan adadi ne ke yaudarar baƙi. Sai mutum ya lissafa awa biyu, ya fito bayan azahar, dare ya riske shi a cikin rairayi. Ka ware awa huɗu, ka fito da sassafe, kuma ka zo tsakanin Afrilu da Satumba. A Disamba da Janairu zafi yakan haura digiri 40.

Mota ita ce farko. Jif mai jan ƙafa huɗu, mai tsayin ciki, ba ƙaramar motar gari ba. In ta haya ce, karanta takardar kafin ka sa hannu, domin kamfanoni da yawa inshorarsu ba ta aiki da zarar ka sauka daga kwalta. Mai araha a nan ita ce mai tsada, kuɗin janyo mota daga jejin nan ya fi na hayar nesa ba kusa ba. Ka cika tanki a Alice Springs, ka ɗauki ruwan kwana biyu, can babu na sha. Izinin shiga da wurin kwana ta intanet ake biya, ka gama kafin sabis ya ɗauke.

Daga gari za ka bi Old South Road, hanyar burji mai gargada, har yankin Maryvale da ƙauyen Titjikala. Wannan ba wuya. Wuyar tana kilomita 44 na ƙarshe. Akwai hawan tsaunin Charlotte mai duwatsu, sai a sa ƙaramar giya a bi a hankali. Bayansa tuddan jan rairayi ne, kuma a nan ake kafewa. Kafin ka shiga, tsaya ka rage iskar tayoyi zuwa wajen 20 a ma'aunin PSI. Sabon zuwa yakan ƙi, wai kada taya ta lalace, in ya ji motar tana nutsewa sai ya ƙara taka totur, ta haƙa wa kanta rami. In ta tsaya, ɗaga ƙafa, koma da baya kan sawunka, ƙara rage iska, sake hawa. Hanyar ta mota ɗaya ce, kuma ba ka ganin mai zuwa daga bayan tudu, saboda haka ka ɗaura doguwar tuta a gaban mota, ka riƙe hagu. Shebur da injin ba taya iska ba a barinsu a gida.

Dutsen kansa ginshiƙi ne mai tsayin mita 50. Wani Bature mai binciken ƙasa, John McDouall Stuart, ya iso shi a Afrilun 1860, ya sa masa sunan James Chambers, attajirin da ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. A gindinsa za ka ga sunayen da matafiya suka sassaƙa, har da na John Ross da Alfred Giles, masu nemo hanyar wayar tangaraho a 1870. Kada ka ƙara naka, tara ce mai nauyi. 'Yan asalin ƙasar kuwa Itirkawara suke kiransa: kakan tsaka ne da ya ɗauki matar da al'ada ta haramta masa, aka kore su, suka zama duwatsu. Matar ita ce dutsen Castle Rock da ke kusa, ta juya fuska don kunya.

Ka kwana. Da faɗuwar rana dutsen yakan yi ja kamar garwashi. Dare da sanyi sosai, ka zo da bargo. Da safe kada ka manta ka mayar wa tayoyi iska kafin burji.