Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gyara Dokokin Ƙungiya

Kowace ƙungiya, ta manoma ce ko ta 'yan kasuwa, tana da kundin dokokin da mambobinta suka amince da shi, kuma ba daidai ba ne shugaba da 'yan majalisarsa su zauna su kaɗai su sauya wani sashe nasa. Abu na farko shi ne a buɗe kundin a duba sashen da ya yi bayanin yadda za a gyara shi, domin abin da aka rubuta a can shi ne abin bi. Ƙungiyoyi da yawa sun ɗauko tsarinsu daga littafin ƙa'idojin taro da wani hafsan sojan Amurka, Henry Robert, ya wallafa a shekarar 1876, wanda ya tanadi sharuɗɗa biyu: sanarwa tun kafin ranar taro, da amincewar kashi biyu bisa uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a.

Sanarwar nan ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ita ce ke kare haƙƙin wanda bai samu halarta ba. Ya kamata sakatare ya rubuta gyaran yadda yake, kalma da kalma, ya aika wa kowane mamba. A ce kuɗin wata naira 500 ne, sanarwa kuma ta ce za a mayar da shi naira 1,000. Idan aka zo taro, mamba yana da damar ya nemi a tsaya a naira 800, amma ba shi da damar neman a kai shi naira 1,500, ko da kowa a zauren ya yarda, saboda wanda ya zauna a gida ya zauna ne bisa sanin cewa ba za a wuce dubu ɗaya ba.

A ranar taro, bayan an tabbatar da cewa adadin mahalarta ya cika, sai mai ƙudiri ya gabatar da shi, wani ya mara masa baya, a tattauna, sannan a ƙirga hannuwa. Idan mutum 45 suka kaɗa ƙuri'a, sai an samu 30 gyaran zai wuce, kuma ba a lissafa waɗanda suka ƙaurace.

Sake rubuta kundin ɗungurungum wani abu ne dabam. A nan kwamiti ake naɗawa ya kawo sabon daftari, a bi shi sashe bayan sashe, kowane sashe a buɗe yake ga gyara, sai a ƙarshe a yi ƙuri'a guda a kan dukkansa. Idan bai samu rinjayen kashi biyu bisa uku ba, tsohon kundin yana nan daram.

A Najeriya, ƙungiyar da ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni sai ta miƙa wa hukumar gyaran ta amince da shi, ƙungiyar gama kai kuwa ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiharta za ta kai nata.