Yadda Ake Gano Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

Mutumin Zariya da zai fita ƙasar waje yakan tashi ne daga Kano ko Abuja, don haka lissafinsa daga can zai fara. Abu na farko shi ne ya san lambar filayen jirgin biyu, na tashi da na sauka, wato haruffa ukun da ake rubutawa a jikin tikiti: KAN na filin Malam Aminu Kano, JED na Jidda, ABV na Abuja. Akwai shafukan intanet da ke bayar da nisa da zarar an saka waɗannan haruffa, kuma sun fi sunan gari tabbas, tunda gari ɗaya kan mallaki filin jirgi fiye da ɗaya.

Wanda ke son ya auna da kansa kada ya ɗora rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, domin duniya a dunƙule take, kuma taswirar bango tana faɗaɗa ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya fiye da girmansu. Sai ya nemi taswirar nan mai siffar ƙwallo, ya danne bakin zare a kan Kano, ya ja shi ya miƙe sosai har Jidda, sannan ya ɗauke zaren ya shimfiɗa shi a kan layin da ya raba duniya biyu, ya ƙirga digirin da ya cinye. Kowane digiri kimanin kilomita 111 ne. Zaren Kano da Jidda zai ci kusan digiri 31, wanda ya kama kilomita 3,400 da 'yan kai. A gajeriyar tafiya bambancin zare da rula kaɗan ne, amma ɗan kasuwar da ya nufi Guwanzu ta ƙasar Sin, tafiyar da ta kusa kilomita 11,000, zai ga zaren ya karkata arewa fiye da yadda ya zata.

A kula da ma'auni. Matuƙa, har da ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke nan Zariya, da mil na teku suke aiki, wanda ke daidai da mita 1,852, alhali mil na ƙasa mita 1,609 ne, kuma wasu shafukan ba sa fayyace wanda suke nufi.

Don sanin tsawon lokaci, a raba nisan da gudun jirgin fasinja, kimanin kilomita 850 a awa, sannan a ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka, sai Kano zuwa Jidda ta kama awa huɗu da rabi. Wannan shi ne mafi ƙaranci, domin jirgi yana bin hanyoyin da aka shata masa, iska na iya turo shi ko ta tare shi, kuma idan aka rufe sararin wata ƙasa, kamar yadda aka yi wa na Sudan da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, dole ya kewaya. Mai sauya jirgi a Alƙahira ko Addis Ababa kuwa sai ya auna kowane zango daban ya haɗa, ya ɗora awannin jira a kai.