Yadda na hana amfilifayata mutuwa

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanmu a jihar Ohayo ta Amurka na haɗa majigi da lasifiku, sannan na ja waya zuwa falo, kicin, ɗakin yara da baranda, don karatun Alƙur'ani ya riƙa kaiwa ko'ina da asuba. Da na ƙara murya kaɗan, sai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa lasifiku ƙarfin sauti, ta ɗauke. In ka taɓa samanta, zafi kamar kaskon tuya. Abin ya dame ni ƙwarai, har na fara tunanin mayar da ita shago.

Ashe haɗin ne. Kowace lasifika om 8 ce (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki), ni kuwa na cusa wayoyin huɗu a baki ɗaya. Haka ya mayar da nauyin om 2, alhali a bayan amfilifayar an rubuta om 6 zuwa 16. Da om ya yi ƙasa haka, wutar da take turawa ta fi ƙarfinta, shi ya sa take kashe kanta.

Na sayo akwatin raba lasifiku mai daidaita om, na ba kowane ɗaki nasa bakin. Na kuma fito da amfilifayar daga kabad don ta sha iska. Sati uku ke nan ba ta ɗauke ba.