Kurakuran da ake tafkawa wajen gyara ƙaramar amfilifaya don sitiriyon gida

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya sayo fanel ɗin amfilifayar nan mai araha mai TPA3116D2, wato IC ɗin da ke ƙara ƙarfin sauti, tun bai jona ya ji muryarsa ba ya ɗauko ƙarfen dalma ya hau ciccire kafasito wai zai sa masu tsada. Malam dakata, fara duba wutar da kake ba shi tukuna. IC ɗin yana karɓar bolt 4.5 zuwa 26, kuma wat 50 sau biyun nan da ake rubutawa ba za ka gan su ba sai ka ba shi kusan bolt 21 a kan sifika mai om 4, in mai om 8 ce ma kusan rabi za ka samu. To kai ka maƙala masa 'yar adafta mai bolt 12, kana ƙara murya bas na shaƙewa kamar an toshe masa baki, sai ka ce amfilifaya ce ba kyau. Cajar laftof mai bolt 19 da amfiya 4 ko sama ta isa ɗaki.

In kuma ka haura zuwa bolt 24, duba jikin manyan kafasiton nan, da yawa bolt 25 aka rubuta, sun yi kusa da iyaka sosai. Nan ne canji yake da dalili, sa masu 35, kuma ka lura da zanen gefe, shi ne ƙafar negetib. Juya shi kawai za ka yi ya kumbura ya fashe.

Sai shuuu ɗin nan da kake ji in ka kai kunne kusa da tuwita, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, alhali ba abin da ke kunne. Mutane kan ɗora wa wayoyin haɗi laifi, amma galibi ƙarfin ƙara sauti ne aka saita sama da kima. Matakai huɗu gare shi, 20, 26, 32 da 36 dB, resista biyu ke zaɓa. A fanel mai IC ɗaya, resista 20k zuwa giraun (negetib ɗin wutar fanel) da 100k zuwa GVDD (wata ƙafa ta IC ɗin) suna ba ka 26, kuma in ka sauke shi zuwa nan wallahi bambancin a fili yake, ɗaki ya yi tsit. Resistocin 'yan mitsi-mitsi ne dai, sai da hankali da hannun da ba ya rawa.

Wanda ya fi ƙona kaya shi ne haɗe negetib ɗin sifikar hagu da ta dama wuri ɗaya, ko a taɓa su da jikin akwatin ƙarfe. A irin wannan fanel baƙar wayar ma sauti take ɗauke da shi, ba giraun ba ce, kowace sifika da wayoyinta biyu.

Gurnanin huuum kuwa, jona amfilifaya da abin da ke ba ta sauti a soket ɗaya, ka gajarta wayar shigar sauti, ka nisanta ta da ta wuta. Kuma in ka ɗaga alminiyom ɗin sanyaya, goge tsohon man da ke tsakaninsa da IC ɗin ka shafa sabo siriri kafin ka mayar ka ɗaure.