Yadda za ka kwana kusa da filin jirgin Accra, ka kuma ajiye motarka kafin tafiyar hutu

Wata shekara, a watan Disamba, na taso daga Aboabo a Kumasi da iyalina bayan sallar azahar. Jirginmu sai ƙarfe goma na dare, na yi lissafi awa biyar ta isa. Har Suhum hanya lafiya lau. Muna wuce Nsawam motoci suka tsaya cik, muka yi magariba a cikin cunkoso, isha ta riske mu ba mu kai Achimota ba. Mun shiga filin jirgi ana shirin rufe awon kaya, yara na kuka, motar kuwa na cusa ta inda na samu ba tare da na tambayi kuɗin kwana ba. Tun ranar na ɗauki ƙa'ida: in dai jirgin fita waje ne, a Accra nake kwana, kuma sai na san inda motata za ta zauna kafin in bar ƙofar gida. Ga yadda nake tsara abin.

Mataki na 1: karanta tikitinka da kyau, musamman ranar

Lokacin tashin jirgi shi ke yanke komai. Jiragen da ke zuwa Turai daga Accra yawancinsu da dare suke tashi, wasu kuma na Afirka da asuba ko da hantsi. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne jirgin da ke tashi bayan sha biyun dare. In an rubuta 00:30 ranar Asabar, to ranar Juma'a da dare za ka kasance a filin jirgi. Wanda ya jira ranar Asabar da dare, jirginsa ya yi kwana guda da tafiya.

Daga lokacin tashi sai ka yi lissafi da baya. Awa 3 kafin tashi ya kamata a gan ka a tasha ta 3, wadda aka buɗe a 2018 don jiragen ƙasashen waje. Yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya awa guda kafin tashi, in kuwa sun rufe, roƙo ba ya buɗewa. Jirgin ƙarfe shida na safe ke nan yana bukatar ka ƙarfe uku na dare.

Mataki na 2: yanke shawarar yadda za ka iso Accra

Tsakanin Kumasi da Accra kimanin kilomita 250 ne, ta Ejisu, Konongo, Nkawkaw, Suhum da Nsawam. Nisan ba shi ne matsala ba. Inda lissafi ke rushewa shi ne mashigar Accra, daga Nsawam zuwa Amasaman, Pokuase da Ofankor. Gadar saman Pokuase da aka buɗe a 2021 ta rage wahala, amma yammacin Juma'a da makonnin Kirsimeti har yanzu sai haƙuri. Ka taso bayan sallar asuba, kwana guda kafin jirginka, ka shigo gari da rana tsaka. Daga Achimota sai ka hau babban titin George Walker Bush zuwa Tetteh Quarshie, ka karya ta Liberation Road, ga filin jirgi nan.

Akwai mai cewa ai jirgin gida daga filin Prempeh na Ɗaya da ke Kumasi minti 40 ne kawai, me zai sa in kwana? Gaskiya ne, Africa World Airlines da PassionAir suna zirga-zirga tsakanin biranen biyu, kuma daga inda suke sauke fasinja zuwa tasha ta 3 ba nisa. Sai dai abu biyu. Lokacin hunturu hazo yakan jinkirta jiragen gida ko ya sa a soke su, in kuma tikitin naka daban-daban ka saya, kamfanin waje ba ruwansa da lattin da wani ya jawo maka. Na biyu, nauyin kayan da jirgin gida ke ɗauka kyauta yakan gaza na jirgin waje, sai ka ga akwati na biyu ya ci kuɗi. Ko ta sama za ka zo, zo da kwana guda a hannu.

Wanda ya hau bas ɗin VIP ko STC kuwa ya huta da maganar fakin gaba ɗaya. In kai kaɗai ne da akwati ɗaya, wannan na fi ba ka shawara.

Mataki na 3: gidan dangi ko otal?

A nan maganar ta fi nauyi, domin ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Wane Bahaushen Kumasi ne ba shi da ɗan'uwa a Nima, Maamobi, New Town ko Madina? Nima da Maamobi kuwa 'yan kilomita kaɗan ne daga filin jirgi, da tsakar dare kafin ka gama addu'ar tafiya ka iso. Kuma a al'adarmu, ka shigo Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra, ka sauka a otal alhali kawunka na raye, abin magana ne.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: baƙon da zai yi tafiya ba ya barci a gidan dangi. Za a kawo tuwo, maƙwabta su shigo gaisuwa, a buɗe hirar shekara biyar, sha ɗaya ta yi ana ta sallama. Sannan ga saƙo. Wannan ta kawo shito a kai wa ɗanta, wancan ya kawo ƙullin leda ya ce magani ne. Akwatin da ka auna a Kumasi ya tsaya daidai kilo 23, kafin gari ya waye ya yi ƙiba. Duk saƙon da za ka karɓa, a buɗe shi a gabanka ka ga abin da ke ciki, ko na wane ne. A filin jirgi za a tambaye ka ko kai ka haɗa kayanka da hannunka, kuma duk abin da aka samu a ciki kai za a riƙe. Wannan ba rashin kunya ba ne, kare kai ne, mai hankali ba zai ji haushi ba.

Abin da na ga ya fi daidai shi ne raba abin biyu. Ka isa gidan kawu da la'asar, ka gaisa, ka ci abinci, ka nemi addu'a, sannan ka ce: "Kawu, jirgin na tsakar dare ne, ba na so in tashe ku da yara, na kama ɗaki kusa da filin." In ya ce, "Haba ɗana, gidan nan ba naka ba ne?" sai ka yi alkawarin ranar dawowa a nan za ka sauka. Zumunci ya samu haƙƙinsa, kai ma ka samu barci.

Wajen zaɓen masauki, kada kalmar "kusa da filin jirgi" a talla ta ruɗe ka, domin har masaukan Spintex da na can cikin East Legon haka suke rubutawa. Buɗe taswirar wayarka ka duba. Airport City ce ta fi kusa, a nan Marriott da Ibis Styles suke, kuɗinsu kuma daidai da kusancinsu. Airport Residential Area, Roman Ridge, Dzorwulu da Shiashie suna da ƙananan gidajen baƙi masu sauƙi. Abin lura shi ne wace mahaɗa ce tsakaninka da filin: wanda zai ratsa Tetteh Quarshie ko 37 da ƙarfe bakwai na safe ko biyar na yamma, ya ƙara awa guda a lissafinsa.

Kafin ka tura kuɗi ta MoMo, kira su da baki ka tambaya. Akwai janareta in an ɗauke wuta? Akwai mai buɗe ƙofa ƙarfe biyu na dare? Suna da motar kai baƙi filin jirgi, kuma tana cikin kuɗin ɗaki? Na taɓa kama ɗaki a wani masauki da ya yi mini alkawarin mota ƙarfe uku, uku ta yi direba bai zo ba, wayarsa a kashe. Shi ya sa nake karɓar lambar direban tun da yamma in yi magana da shi da kaina, sannan in ajiye Bolt ko Uber ko Yango a waya. Da tsakar dare motocin nan sukan yi ƙaranci, don haka lambar wani ɗan tasi da ka sani ta fi komai amfani.

Mataki na 4: ina motar za ta kwana?

Hanya uku ce, kowace da inda ta dace.

Wurin fakin na filin jirgi, wanda ke ƙarƙashin kamfanin filayen jiragen sama na Ghana, ya fi sauƙi: ka karɓi tikiti a ƙofa, ka ajiye, ka ja akwati. Amma kuɗin yana tafiya da tsawon lokacin da motar ta zauna. Tafiyar kwana biyu ko uku ba laifi. Hutun mako uku kuwa, tambayi kuɗin kwana ɗaya ka ninka tukuna kafin ka shiga. Tikitin ƙofar kada ka bar shi cikin mota, kada kuma ka cusa shi a aljihun rigar da za a wanke a can. Sa shi cikin fasfo, ka ɗauke shi hoto. Gaban tasha inda ake sauke fasinja ba wurin ajiye mota ba ne ko na minti goma, ana iya kulle maka taya. Ka gaya wa masu rakiya haka, musamman in an yi ayari.

Ta biyu ita ce harabar otal ɗin da ka kwana. Wasu suna yarda motar baƙo ta zauna har ya dawo, kyauta ko da ɗan kuɗi. Kada ka tsaya kan maganar yaron da ke karɓar baƙi. Nemi manaja, a rubuta lambar motar da ranar dawowarka a rasit. Sannan ka je wurin mai gadi da kanka, ka gaishe shi, ka nuna masa motar: "Baba, ga amana na bar maka, sai ranar kaza in sha Allahu." Ka ba shi na goro. Shi ne zai kwana yana kallon ta, ba manaja ba.

Ta uku, gidan ɗan'uwa mai katanga da ƙofa. Don doguwar tafiya ita ta fi, tunda akwai mai tayar da injin sau ɗaya a mako kada batir ya mutu. Lungunan Nima da Maamobi dai ba su da filin da mota za ta yi mako biyu ba ta tare wa kowa hanya ba, sai ka duba wajen dangin Madina ko Adenta. Kuma ka faɗi magana a fili tun farko: a tayar da ita kawai, ko an yarda a hau? Kunyar minti ɗaya ta fi rigimar da za ta biyo baya in ƙanenka ya fita da ita aka goge ta. In za a hau, tabbatar inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA ba za su ƙare kana can ba.

Ko'ina ka zaɓa, kwashe duk abin da ido zai gani ta gilashi, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe da na lambar kilomita. In damina ce, watannin Mayu da Yuni, duba ƙasan wurin. Accra gari ne mai ambaliya, wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Circle ranar 3 ga Yuni 2015 ba zai bar mota a kwari ko bakin babbar kwata ba. Nemi tudu, ka guji gindin tsohuwar bishiya.

Mataki na 5: daren tafiya

Kafin ka kwanta, shimfiɗa takardu a kan gado ka ƙirga na kowa: fasfo mai sauran aƙalla wata 6, biza, tikiti, da katin rigakafin shawara, wanda ƙasashe da yawa ke nema daga wanda ya fito daga Ghana. Duk su shiga ƙaramar jaka guda da ba ta barin jikinka. Turare, man shafawa da duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 su koma babban akwati, bankin cajin waya kuwa dole a jakar hannu. Biya kuɗin ɗaki tun da dare don kada ka tsaya neman mai karɓa da asuba. Saita ƙararrawa a waya biyu, ka kuma roƙi mai gadi ya ƙwanƙwasa.

Masu yara su yi musu wanka da dare, su kwana da kayan tafiya. Ka sayi burodi ko ƙosai tun da yamma, domin ƙarfe uku na dare mai koko ba ta fito ba, abincin cikin filin jirgi kuwa da tsada. Alfijir a Accra yana ketowa ne tsakanin huɗu da rabi da biyar da 'yan mintuna, gwargwadon wata, saboda haka mai jirgin safe a filin zai yi asuba. Fito da alwalarka, ƙaramar darduma kuma a saman jakar hannu.

In makullin motar zai zauna wurin wani, ka riƙe na biyu a jakarka, ka kuma bar wa mutumin lambar jirgin dawowarka da ranar, don ya duba batir da iskar taya kwana guda kafin ka sauka.