Zanen ƙwan Ista na Romaniya: inda hannu yake kuskurewa

Duk wanda ya fara ganin ƙwan Ista (bikin Kiristoci na tashin Yesu daga matattu) na yankin Bukobina, a arewacin Romaniya, zai rantse da buroshi aka zana shi. Ni ma haka na ɗauka, kuma daga wannan zaton ne yawancin kurakuran ɗan koyo suke fitowa. Aikin rini ne. Kakin zuma ake narkawa a zana layi da shi, sannan a tsoma ƙwan cikin rini, duk inda kaki ya rufe rini ba ya taɓawa. Macen da ta taɓa liƙa salatif a tafin hannu kafin ta sa lalle ta riga ta san dabarar.

Saboda haka kuskure mafi girma shi ne na jeren launi. Kaki ba ya ba da launi, wanda ya tarar a ƙarƙashinsa yake tsarewa. Layin da ka zana a kan farin ƙwai zai fito fari. Ka tsoma a rawaya, ka rufe wuraren da kake so su zauna rawaya, ka wuce ja, ka sake rufewa, baƙi ya zo ƙarshe. Daga mai haske zuwa mai duhu ake tafiya, kuma ba a komawa baya. Wanda ya yi garajen tsoma ƙwansa a ja kafin ya gama da rawaya, to rawayar ta tafi ke nan. Maganin abu ne mai sauƙi: zana fasalin a takarda tukuna, ka rubuta launin kowane gida, takardar tana gabanka har ka gama. A ƙauyen Ciocănești na gundumar Suceava, inda akwai gidan tarihin irin waɗannan ƙwai kuma ake musu biki duk shekara, baƙin fili ne ya fi shahara, kuma baƙin nan shi ne tsomi na ƙarshe.

Sai abin zanen, wanda mutanen Romaniya suke kira chișiță. Ɗan tsinken itace ne da aka ɗaure wa siririn bututun tagulla a baki, a zura gashi guda ta ciki don kaki ya riƙa biyo shi a hankali. Nan na sha wahala. Ƙwan farko da na gwada, kakin ya yi zafi har yana hayaƙi, ina ɗora bakin bututun sai wani ƙaton ɗigo ya zubo ya malale a gefen ƙwan. Na sa farce na kankare, na ce ai ya fita. Da aka fito da shi daga rini, ga tabon nan fari fat, domin maiƙon kaki ya riga ya shiga ɓawon. Kankarewa ba ta gyara wannan; abin da ya fi shi ne ka mai da ɗigon wani ɓangare na adon, ka yi masa abokin zama a ɗaya gefen. Kakin kuwa a bar shi a ɗan gwangwani kan wuta marar ƙarfi, ya narke ba tare da ya tafasa ba. In ya huce da yawa bututun zai toshe, layi ya riƙa yankewa. Kowane ɗiba, taɓa bakin a jikin takarda kafin ka kai shi kan ƙwai. Kuma kada a maye gurbin kakin zuma da kyandir ɗin kanti, wanda yake tsagewa rini ya kutsa ta ƙarƙashi.

Akwai ɓarnar da take faruwa tun kafin a hura wuta. Hannu mai maiƙo ko man shafawa yana barin shatin yatsa da rini ba zai kama ba. A goge ƙwan da ruwa mai ɗan ruwan khal (wato binega), a wanke hannu, a riƙe shi da tsumma mai tsabta. Kada dai a jiƙa shi ya daɗe a khal, yana cin ɓawo. Ƙwan da aka ciro daga firji yana gumi, kaki ba ya manne masa, sai a bari ya saki sanyi. Layin fensir da ya karkace ma a ƙyale shi, gogewa da roba tana barin tabo.

Ƙwan ado ana huda shi a zuƙe farin da gwaiduwar da sirinji, a ɗauraye ciki ya bushe. Mutane suna manta toshe hujin da kaki, rini ya cika cikin, daga baya ya riƙa tsiyayowa a kan aikin da aka ɓata sa'o'i ana yi. Kada kuma a haɗa shi da jan ƙwai dafaffe, wanda iyalai mabiya cocin Otodoks suke rinawa ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista, wasu da ɓawon albasa, su ƙwanƙwasa da juna ranar biki su ci. Na ci daban, na ado daban, rinin tufafi ba ya zuwa kusa da wanda za a ci.

Game da fasalin kansa, ɗan koyo yakan fara daga tsakiya ya yi ta cikawa, sai adon ya taru gefe guda. Masu sana'ar suna fara raba ƙwan da layi ne, gida biyu, huɗu, takwas, sannan su zuba adon cikin gidajen. Kowane ado da sunansa, an ɗauko shi daga rayuwar manoma da makiyaya: ƙahon rago, zangarniyar alkama, bakin garma, gicciye, da wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe da suke kira ɓatacciyar hanya. Ni ina ganin wanda ya koyi ƙahon rago kaɗai ya iya shi sosai ya fi wanda ya cusa ado goma a ƙwai ɗaya.

Cire kaki ne matakin ƙarshe, kuma nan zumuɗi yake kama mutum, domin ƙwan ya yi baƙi ƙirin, ana ɗokin ganin abin da ke ƙasa. Kada a ɗora shi saman harshen wuta, hayaƙi zai dusashe farin layukan. A kara shi gefen wuta ko kusa da murhu har kakin ya fara ƙyalli, a share da tsumma mai laushi, a juya, a sake karawa. A buɗe hujin da aka toshe tukuna, don iskar ciki in ta yi zafi ta sami mafita, in ba haka ba ɓawon yana iya tsagewa a hannunka.