Yadda ake yanka murjanin Leptoseris a raya shi cikin tanki, a zafin Sakkwato

Mutane da yawa in sunka ji murjani sai hankalinsu ya tafi ga jan dutsen nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, to murjanin da nike magana a kai mai rai ne, dabba ce ta teku mai gina ƙashinta da kalsiyam, kuma wanda nike kiwo sunanshi Leptoseris. Ba kasafai ake samunshi ba ko wurin masu sayar da kayan tankin kifi na Legas. Yana bin dutse ne ya shimfiɗu kamar an liƙa fata, nawa ruwan lemu ne da ƴan bakuna kore-kore, da dare in ka kunna shuɗin haske wallahi sai ka kasa tashi.

Abu na farko, kar ka yanka shi da bazara. Ni na yi wanga kuskure a watan Afrilu, na yanke gutsure huɗu ina murna, washegari anka ɗauke wuta tun safe, ruwan tanki ya hau digiri 31, kafin kwana ukku duk sun yi fari fat sun mutu. Har yau abin na ci min rai. Murjani na son ruwa ya tsaya 25 zuwa 26, in ya wuce 29 ya daɗe sai ya kori ƙananan tsirran da ke cikin namanshi masu ba shi abinci da kala, mu kuma nan garin zafi kan wuce 40 daga Maris zuwa Mayu. Saboda haka ka bari sai hunturu, Disamba ko Janairu, kuma tun kafin ka sayo shi ka tanadi sola ko inbata da za ta riƙe famfon juya ruwa da injin sanyaya ruwa, fanka bisa tanki na taimakawa amma ita kaɗai ba ta isa da bazara.

Ruwa kuma kar ka ce za ka ɗebo na burtsatse ka zuba gishirin miya, a'a. Ruwan da anka tace da injin RO, wato injin da ke tace ruwa ya cire mishi gishiri da datti, ake so da gishirin teku na kwali da ake haɗawa don murjani. In ka auna da kayan gwajin ruwa, gishiri ya tsaya 1.025, alkalinti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam wajen 420, magniziyam wajen 1300. Da hunturu iska na shanye ruwa sosai, kullum ka cika da ruwan RO zalla ba mai gishiri ba, don gishirin bai tashi, yana nan ciki.

To yankan kanshi. Sai uwar, wato babban murjanin da za ka yanka, ta zauna lafiya wata biyu ko ukku tana ƙara faɗi tukun. Ka ɗebi ruwan tankin a roba biyu, ka sa safar hannu da tabarau don ɓarɓashi na tsalle, ka fiddo dutsen, ka duba gefen da ya yi siriri. Da ƙaramin zarto mai bakin daimon ko filaya mai kaifi za ka yanke gutsure kamar santimita 2, ka tabbatar akwai baki biyu ko ukku a kai, in ya manne da dutse ka yanka har da dutsen, kar ka ɓamɓaro shi ka yage naman. Zai yi ta zubar da majina, ba komai, ka ɗauraye a robar farko, ta biyun ka sa maganin ayodin na murjani daidai yadda anka rubuta jikin kwalba, ka jiƙa gutsuren ƴan mintuna kawai. Ka goge ƙasan gutsuren da tishu, ka ɗiga supa gulu mai kauri, wato na jel, bisa ɗan dutse ka danna ka riƙe daƙiƙa 30. Kar ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin ukku na uwar.

Inda masu farawa ke ɓata aiki shi ne haske. Suna ganin kalarshi sai su kai shi sama kusa da fitila, alhali ɗan inuwa ne, a tekun tsibiran Hawai na Amurka ana samun danginshi a zurfin da ya wuce mita 100. Ka ajiye gutsuren ƙasa ko gefen dutse inda haske bai da ƙarfi, ruwa na ratsa shi a hankali don datti kar ya kwanta mishi, kuma ka ba shi tazara da sauran murjani don suna harbin juna da dare.

Daga nan sai ka cire hannu, kar ka riƙa ɗaga shi kana dubawa. Bayan sati biyu zuwa ukku ka leƙa gefen yankan, in ka ga naman ya rufe farin ƙashin ya fara gangarowa bisa gulun, ya kama, sai ka matsar da shi inda kake son ya zauna.